Daga Alfarma zuwa Haƙƙi: Tambayoyi da Amsoshi kan Ƴancin Ma'aikaci da Kiwon Lafiya ga Kowa a Kaduna

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin ma'aikata, ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu a Kaduna idan ana maganar albashi, sallama daga aiki da kuɗin asibiti. Mun haɗa batutuwan wuri guda domin a gidan talaka ba sa rabuwa. Ranar da albashi ya tsaya, ranar ce ake fara raba ƙwayar maganin hawan jini biyu don ta kai ƙarshen wata.

Da gaske ra'ayin ƴan siyasa ya sauya, ko dai daɗin baki ne?

Ya sauya, kuma ba sau ɗaya ba. A jamhuriya ta biyu, batun talaka da ma'aikaci shi ne tutar jam'iyyar PRP. Gwamnatin Abubakar Rimi a Kano ce ta fara ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981, shekarar da aka kafa dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 125 bayan yajin aikin da Hassan Sunmonu, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa (NLC) na lokacin, ya jagoranta. A nan Kaduna, Balarabe Musa ya soke haraji da jangali kafin majalisa ta tsige shi a watan Yunin 1981.

Daga 1986 iska ta juya. Shirin gyaran tattalin arziki na zamanin Babangida ya zo da ra'ayin cewa gwamnati ta rage hannu, kowa ya ji da kansa. A asibitoci aka fara biyan kuɗin kati, kuɗin gado, kuɗin safar hannu. Tun daga lokacin majinyaci ya saba shiga asibiti da takarda ya fito ya nufi kemis.

Juyi na uku shi ne wanda muke ciki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, dokar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kaduna ta 2018, da dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 duk sun ɗauki jinya a matsayin abin da hukuma ke da alhakin tsarawa. Yau da wuya ka ji ɗan takara, ko daga wace jam'iyya yake, ya fito fili ya ce lafiyar talaka ba ruwan gwamnati. Wannan ci gaba ne na gaske, kada a raina shi. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi da bin doka. Har yanzu sama da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan jinya a Nijeriya daga aljihun majinyaci yake fitowa, kuma sashe na 17 na tsarin mulki da ya yi maganar samar da kiwon lafiya yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai gwamnati kotu a kansa kai tsaye.

Me ya haɗa haƙƙin ma'aikaci da maganar asibiti?

Duk wanda ya san Kakuri, unguwar masaƙu ta Kaduna, a shekarun 1970 da 1980 ya san amsar. An buɗe masaƙar KTL a 1957 zamanin Sardauna, UNTL da Arewa Textiles da sauransu suka biyo baya, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa ta ƙasar nan. Idan jiniya ta kaɗa lokacin canjin aiki, titi cika yake da kekuna. Ma'aikacin masaƙa yana da asibitin kamfani ko wanda kamfani ya ɗauka masa, yana da ƙungiya mai ƙarfi da ke zama teburi da masu kamfani. A wannan ƙungiyar ce Adams Oshiomhole ya taso, daga Arewa Textiles har ya zama shugaban NLC a 1999.

Da KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ba albashi kaɗai aka rasa ba. Katin asibiti ya tafi tare da katin shiga masaƙa. Magidanci mai shekara hamsin ya koma acaba ko gadi, daidai shekarun da ciwon suga da hawan jini ke fara ƙwanƙwasa ƙofa. Darasin da ke ciki shi ne tushen duk wannan muhawara: idan jinyar mutum na rataye da wurin aikinsa, ranar da ya fi buƙatarta ita ce ranar da ba shi da ita. Shi ya sa ake neman tsarin da zai bi mutum, ba kujerar aikinsa ba.

Wane ɓangare gwamnatocin Kaduna na baya-bayan nan suka tsaya?

Ba a iya sa su cikin kwando ɗaya. Gwamnatin Nasir El-Rufai ce ta fara biyan mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 a cikin jihohi, daga Satumbar 2019. Ita ce ta ba ma'aikatan jiha mata hutun haihuwa na wata shida, ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KADCHMA, ta kuma ɗauki aikin gyara cibiyar lafiya ɗaya a kowace mazaɓa daga cikin 255 da jihar ke da su. Ita ce kuma ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar 2017, ta rage dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi a 2021, tana mai cewa albashi na cinye mafi yawan kason da jiha ke samu daga tarayya.

Wannan ne ya jawo yajin aikin gargaɗi da NLC ta fara ranar 17 ga Mayu 2021 ƙarƙashin Ayuba Wabba. Wuta ta ɗauke, jirgin ƙasa ya tsaya, asibitocin gwamnati suka zama kufai, gwamna ya ce ana neman Wabba ruwa a jallo. A rana ta uku aka janye bayan gwamnatin tarayya ta shiga tsakani.

Ra'ayin da ke ƙarƙashin wannan siyasa shi ne a yi wa jama'a hidima, amma ba dole sai an zauna da ƙungiya ba. A ganinmu nan ne kuskuren yake. Ginin asibiti ba ya duba mara lafiya, ungozoma da jami'in lafiya ne ke dubawa, kuma wanda bai san ko zai wayi gari da aikinsa ba ba zai zauna a ƙauyen Birnin Gwari ko Sanga ba. Gwamnatin Uba Sani ta sassauta harshe, ta sanar da naira 72,000 a ƙarshen 2024. Ƙorafin da ya biyo baya ya fi fitowa daga ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman firamare, da kuma batun daidaita ƙarin ga waɗanda ke manyan matakai.

Ina aiki a makarantar kuɗi, ana biyana naira 25,000. Dokar mafi ƙarancin albashi ta shafe ni?

Ya danganta da yawanku. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ta kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000, ta kuma rage wa'adin sake dubawa daga shekara biyar zuwa uku. Amma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta shafi mai aikin rabin lokaci ba, ko wanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da ya yi, ko aikin gona na kaka. Idan makarantarku na da ma'aikata 25 ko fiye, a haɗa da masu gadi da masu shara, kuma kai ma'aikacin cikakken lokaci ne, biyanka 25,000 saɓa doka ne.

Dabarar da aka fi yi ita ce a ƙi ba mutum takardar ɗaukar aiki, a riƙa biyansa a hannu. Saboda haka ka nemi a biya ka ta banki, ka adana saƙonnin shigar kuɗi. Su ne shaidarka.

Ka lura da iyakar dokar. Yaron shago a kasuwar Sheikh Gumi, mai walda a Fanteka, ɗan dako, mai aikatau a gida, direban Keke Napep mai kawo balas kullum, duk suna waje. Su ne mafi yawan masu aiki a Kaduna, kuma har yau siyasar ƙwadago ba ta gama juyowa gare su ba.

An sallame ni ba notis. Me zan yi?

Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Notis kuma yana bin daɗewa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Ana iya biyan kuɗi a madadin notis. Idan takardar aikinka ta ba da wa'adin da ya fi wannan, ita za a bi. Idan rage ma'aikata ake yi, dole a sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata, a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita tare da la'akari da ƙwarewa, a kuma tattauna kuɗin sallama.

Kada ka sa hannu a takardar ajiye aiki da wani ya rubuta maka, domin da ita za a ce kai ka tafi da ƙafarka. Kada ka karɓi kuɗi a kan takardar da ta ce an gama biyanka komai alhali da saura. Tattara takardar ɗaukar aiki, katin shaida, bayanan banki da takardar sallama, ka yi musu hoto. Rubuta wa wurin aikin wasiƙar neman haƙƙinka, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Idan shiru, ka je ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke Kaduna, jami'an ƙwadago na kiran ɓangarori su sasanta. Idan abin ya faskara sai kotun ma'aikata ta ƙasa, wadda ke da reshe a Kaduna, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita ce ke da hurumin irin waɗannan shari'u. A shari'u da dama ta nemi mai kamfani ya faɗi dalilin kora, abin da a da ba a tambaya. Ma'aikacin gwamnati kada ya yi jinkiri, lauyoyin hukuma kan kawo hujjar cewa wa'adin wata uku na shigar da ƙara ya wuce.

Inji ya cinye min yatsu a wurin aiki. Wa zai biya?

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun diyyar ma'aikata da hukumar NSITF ke riƙewa. Ba a cire wannan daga albashinka. Ka sanar da wurin aikin cikin kwana 14, a rubuce, su kuma su sanar da asusun cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Haɗarin da ya same ka a kan hanyarka tsakanin gida da wurin aiki ma yana ciki. Inda aka fi yin asara shi ne a kai mutum wurin mai ɗori, a ba shi ɗan abin cefane, a wuce wurin ba rahoton likita. Ko za ka je wurin mai ɗori, fara zuwa asibiti a rubuta raunin da ranar da ya faru.

Ana cire min kuɗin fansho amma ba na ganin saƙo.

A dokar fansho ta 2014, ma'aikaci na ba da kashi 8, mai kamfani kashi 10, na tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri. Idan ukun sun kama naira 60,000, ya kamata naira 10,800 ta shiga asusunka duk wata, cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Nemi bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka. Idan ba a zubawa, kai ƙara hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, da takardun albashi. Ma'aikatan jiha na ƙarƙashin dokar fanshon jiha, ƙorafinsu ofishin fansho na jiha yake zuwa.

"Kiwon lafiya ga kowa" na nufin komai kyauta ne?

A'a. Ma'anarsa kowa ya samu jinyar da yake buƙata ba tare da ya sayar da gona ko akuyar matarsa ba. Jinya kullum akwai mai biya, tambayar ita ce yaushe kuma daga ina. Ingila ta zaɓi haraji lokacin da ta kafa tsarinta a 1948. Jamus tun 1883 take cirewa daga albashi. Ghana, da dokarta ta 2003, ta ɗora kashi 2.5 kan harajin kayayyaki don ta kawo ƙarshen tsarin biya kafin a duba ka. Tailan ta shigar da kusan kowa a farkon shekarun 2000 da kuɗin haraji.

Nijeriya ta kafa dokar inshorar lafiya a 1999, ta fara aiki a 2005, amma shiga ganin dama ce, don haka ta tsaya kusan a kan ma'aikatan tarayya. Ƙungiyoyin ƙwadago da kansu sun daɗe suna ƙin a taɓa albashi, kuma suna da hujja: sun ga yadda kuɗin da aka cire da sunan gidaje da fansho suka yi ɓatan dabo. Dokar 2022 ta mayar da shiga wajibi, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Abin da ƙasashen da suka yi nasara suka nuna shi ne ba a kai wa ga mai sayar da ƙosai da manomi ta hanyar jiran su kawo kuɗi da kansu. Sai gwamnati ta biya wa mafi yawansu daga haraji.

Inshora ba caca ba ce? Ta halatta?

Malamai sun bambanta inshorar kasuwanci, wadda kamfani ke neman riba da ita, da tsarin taimakon juna inda jama'a ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don ɗaukar nauyin wanda ciwo ya kama. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta halatta na biyun tun 1985. Wannan na cikin dalilan da jihohin Arewa da dama, har da Kaduna da Kano, suka kira nasu tsarin taimakekeniya. Idan shekara ta ƙare ba ka yi ciwo ba, kuɗinka bai ɓata ba, ya yi wa wata haihuwa. Masallaci, coci ko ƙungiyar ƴan kasuwa na iya biya wa mabuƙata a cikinsu.

Ba na aikin gwamnati. Yaya zan shiga?

Hanya biyu ce. Ta farko ka biya kuɗin shekara a KADCHMA, kai kaɗai ko da iyali. Tafi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta kowane mutum, ka biya ta hanyar da hukuma ta amince ka karɓi rasit, kada ka damƙa wa wani kuɗi a hannu. Za ka zaɓi asibiti ɗaya da zai zama ƙofarka ta farko. Zaɓi wanda za ka iya kaiwa da tsakar dare, ba wanda ya fi suna ba. Kafin ka tashi daga teburin ka yi tambaya uku: ranar da katin zai fara aiki, domin akwai lokacin jira kafin sunanka ya isa asibiti, jerin abin da ke ciki da wanda ba ya ciki, da lambar da ake kira idan an samu matsala. Ka rubuta ranar sabuntawa a bayan katin.

Ta biyu ita ce ta marasa galihu, wadda ake biya daga asusun kiwon lafiya na matakin farko da dokar 2014 ta kafa da aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. An fi ba mata masu juna biyu, yara ƴan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da matalauta fifiko. Gurabe ba su kai yawan mabuƙata ba. A tuntuɓi shugaban cibiyar lafiya ta mazaɓa da kwamitin raya mazaɓa, a kuma tabbatar sunan gidan na cikin rajistar marasa galihu ta jiha.

Ina da kati, amma kullum sai a ce babu magani, in je kemis. Me ya sa?

Wannan ne ƙorafin da ya fi kashe wa mutane gwiwa, kuma yana da dalili a yadda ake biyan asibiti. A matakin farko, ba a biyan asibiti kan kowane zuwa da ka yi. Ana ba shi ƙayyadadden kuɗi kan kowane kai da ya yi rajista da shi, duk wata, ko ka zo ko ba ka zo ba. Tsarin na tafiya daidai idan masu rajista na da yawa, kuɗin na zuwa kan lokaci, kuma farashin magani bai gudu ya bar shi ba. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar naira, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin kai kuwa bai tashi da wannan saurin ba. Asibitin da ke da masu rajista kaɗan, rabinsu masu ciwon suga da hawan jini, asara yake yi, sai ya fara cewa babu.

Wani lokacin kuma maganin da likita ya rubuta sunan kamfani ne da ba ya cikin jerin da aka amince, alhali akwai irinsa mai sinadari ɗaya a kanta. Tambayi mai ba da magani ko akwai makwafinsa a jerin. Idan da gaske babu, nemi a rubuta a takardarka cewa babu, da kwanan wata da sa hannu, ka riƙe rasit ɗin kemis, ka kai ƙorafi hukumar. A tsarin ma'aikatan tarayya, kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani kawai majinyaci ke biya. Idan asibiti ya maimaita wannan hali, kana da damar neman sauya shi.

Matsala ta biyu ita ce turawa gaba. Ba a tashi daga gida a nufi babban asibiti irin Barau Dikko ko Shika kai tsaye da kati, sai dai in gaggawa ce. Asibitinka na farko ne zai rubuta takardar turawa, a nemo lambar izini, sannan babban asibiti ya karɓe ka a kan asusun. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan biya daga aljihu, kuma da wuya a mayar masa.

Asibiti na iya ƙin karɓar mai haɗari har sai an ajiye kuɗi?

Sashe na 20 na dokar lafiya ta 2014 ya hana ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, da hukuncin tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar 2017 kuma ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar ƴan sanda ba. Dokar ta shafi ceton rai da daidaita majinyaci, ba ta yafe kuɗin jinyar da za ta biyo baya ba.

Idan ma'aikatan lafiya sun tafi yajin aiki, ba talaka ne ke mutuwa ba?

Shi ne, kuma babu amfanin ɓoye wannan. Gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 ya taƙaita yajin aiki a muhimman ayyuka irin su lafiya, dokar rikicin ƙwadago kuma ta ba da damar hana albashin kwanakin yaji. Amma mafi yawan yajin da ake yi a ɓangaren lafiya kan yarjejeniyar da aka riga aka sa wa hannu ne ba a cika ba. Akwai kuma yajin da ba a sanarwa: likita ko nas ta tattara takardunta ta koma asibitin tarayya, ko Saudiyya, ko Ingila. Wannan ba ya ƙarewa da zaman sulhu. Ƙungiyoyi su ma da nasu nauyin, ya kamata ɗakin haihuwa da sashen gaggawa su kasance a buɗe ko ana yaji.

Ɗan takara ya zo unguwarmu neman ƙuri'a. Me za mu tambaye shi?

Kada ku tsaya a kan ko zai gina asibiti, kowa zai ce e. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, kuma Kaduna na cikin jihohin da suka sha rubuta wannan adadi a kasafinsu. Ku tambayi nawa aka saki daga abin da aka rubuta bara. Ku tambayi mutum nawa a mazaɓarku gwamnati ke biya wa taimakekeniya, da nawa zai ƙara, da inda kuɗin zai fito. Ku tambayi ungozoma nawa ke kwana a cibiyar lafiyarku, da ko ma'aikatan wucin gadi da suka shekara biyar suna aiki a can za su samu takardar dindindin. Ɗan majalisar jiha ku tambaye shi ko ya taɓa neman rahoton kuɗin KADCHMA a zauren majalisa. Sakataren ƙungiyarku ya rubuta amsoshin da kwanan wata, a karanta masa ya ji, a ajiye kwafi wurin mai unguwa.